Furen da Maigida Ya Kawo Daga Chaina Ya Mutu, An Ce Laifina Ne

Assalamu alaikum Anti. Daga Sakkwato nake rubuto miki, kuma don Allah a sakaya sunana. Mun daɗe da aure da maigidana, 'ya'yanmu huɗu. Ɗan kasuwa ne, yana zuwa Chaina sarin kayan gini. Wata tafiya da ya yi a watan Janairu ya ga wani fure a kasuwar Guangzhou, fiyoni mai itace, wanda 'yan can ke kira mudan, tun daga nan abin ya shiga ransa. Ya tuge mini zogale da yakuwa a tsakar gida don ya yi masa wuri. Karon farko ɗaya daga cikin waɗanda ya kawo har ya buɗe fure guda, babba ƙwarai, ya ɗauki hoto ya tura wa kowa. Da zai koma Chaina a watan Afrilu sai ya bar mini amanar ban ruwa. Wallahi Anti safe da yamma nake ba su, da ruwan da muke saya wurin 'yan ga-ruwa, amma kafin ya dawo ganyen ya ƙone, sun bushe. Bara ma haka aka yi. Bana ya kawo uku, biyu sun mutu, ɗayan da ya rage sanda ce kawai a tukunya. Yanzu ya ce ni ce ba na so, wai ina jin haushin zogalena. Har Inna, mahaifiyarsa, ta ce akwai hannun da in ya taɓa shuka ba ta yi. Maganar nan ta yi mini ciwo. Ya kuma ce in kwashe kayana daga firji zai saka tukunyar, wai an gaya masa sanyi take so. Mutumin kirki ne, bai rage mu da komai ba, kuma tun da likita ya ce yana da hawan jini ban ga abin da ke kwantar masa da hankali kamar zama gaban shukokin nan ba. Amma kuɗi na tafiya, ni kuma na zama mai laifi a gidana. In ci gaba da shiru, ko in fito fili in ce ya haƙura?

Wata 'yar'uwa, Sakkwato

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kika kashe furen nan ba. Da malamin gona aka ɗauko daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka damƙa masa tukwanen nan a watan Afrilu a tsakar gidanku, da abin da maigidanki zai dawo ya tarar ke nan. Zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla, domin a irin matsalarki rantsuwa da kuka ba za su wanke ki ba kamar yadda sanin halin shukar zai yi.

Asalin wannan itace ƙasar sanyi ce, tsakiya da arewacin Chaina. Tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, ake girmama shi a can, har suna yi masa kirari da sarkin furanni. Garuruwa biyu suka fi shahara da nomansa: Luoyang a lardin Henan, inda ake bikinsa kowane watan Afrilu tun 1983, da kuma Heze a lardin Shandong. A waɗannan wurare, watan Janairu ruwa na daskarewa a waje. Itacen yakan zubar da ganyensa kaf in kaka ta wuce, ya kwanta barci, kuma idanun toho da ke jikin rassansa ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun sha ɗaruruwan sa'o'i cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba. In bai samu wannan ba, ko dai ya ƙi tohowa, ko ya yi ɗan ganye marar ƙarfi ba fure, ya yi ta ramewa har ya tafi. To ki duba namu hunturun. Sanyin asubar da ke sa mu hura garwashi a kasko mu rufa da bargo biyu a Sakkwato yawanci wajen digiri 13 zuwa 16 ne, da rana kuma zafi ya haura 30. Abin da muke kira jaura, shi itacen nan bai ma san an yi sanyi ba. Mutanen Jos da ake yi wa ganin suna cikin ƙanƙara su ma ba su da irin dogon sanyin da yake nema.

Na san abin da maigidanki zai ce, kuma tambayar tasa tana kan hanya: ai Guangzhou ma gari ne mai zafi, me ya sa ya gan shi can yana fure? Amsar ita ce ba can aka raine shi ba. Manoman arewa, musamman na Heze, sun daɗe suna wannan sana'a. Sukan tono itacen da ya girma a gonakinsu, ya riga ya sha sanyi a fili ko a ɗakin sanyi, su kai shi kudu inda ake da ɗumi, su lissafa kwanaki yadda zai buɗe daidai da bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Mutane su saya su ƙawata gida na 'yan kwanaki, in biki ya wuce ba wanda ke sa ran zai zauna a gonar Guangzhou ya sake fure baɗi. Ado ne na biki ya gani a kasuwa, ya ɗauka bishiyar gida ce.

Wannan kuma shi ne sirrin furen nan guda da ya buɗe a gidanku. Itacen yakan ƙulla idon furen baɗi tun bana, ya tara abinci a saiwarsa masu kauri. Ke nan furen da aka yi wa hoto a Chaina aka ƙulla shi, a Chaina ya sha sanyinsa, Sakkwato kawai ya zo ya buɗe. Baƙo ne da ya zo da guzurinsa, ya ci har ya ƙare, garin kuma ba shi da irin abincin da yake ci. Sai ki haɗa da lokacin tafiyar Alhaji. Babban baje kolin Canton da 'yan kasuwa ke zuwa Guangzhou dominsa yana farawa ne a tsakiyar Afrilu, watan da zafin Sakkwato ke kai digiri 40 har ya wuce. Kowace shekara yana barin gida a daidai makon da guzurin ya ƙare kuma bazara ta kama, ya bar shuka da ranta, ya dawo ya tarar da busasshen kara. In mutum bai san halin itacen ba, wa zai tuhuma in ba wadda ya bar wa ba? Da ya zauna gida bai je ko'ina ba, da a hannunsa za su mutu.

Akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba. Ban ruwa safe da yamma yana iya gaggauta mutuwar. Saiwar wannan itace ba ta son zama cikin laima, in ƙasar tukunya ta jiƙe kuma ta yi zafi sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai kula kuma ya ga yaushi ya ƙara ruwa. Kowa haka zai yi, domin haka muka saba da tattasai da tumatir. Amma ko da an auna ruwan da cokali, kwanaki kawai za a ƙara masa. Na faɗa miki ne don kada wani ya ɗauko wannan ya ce ga laifinki, ba don ki sa wa ranki damuwa ba.

Yanzu mu koma kan maigida. Na lura duk da ciwon da kike ji, ba ki kasa faɗin alherinsa ba, kuma wannan ya nuna mini gidan yana da tushe. Ki dubi abin ta wajensa. Mutum ne da ya saba in ya sa kuɗi da ƙoƙari a kan abu, abin ya yi. Ya tura hoto ga abokai, wataƙila har yau akwai mai tambayarsa ina labarin furen Chaina. Ya ce yanayin garinsu ne ya fi ƙarfinsa, ko ya ce ya yi ta sayen abin da ba zai rayu ba, akwai nauyi a baki. Ya fi masa sauƙi ya ce wani ne bai kula ba. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ke ce kusa, ke ce kuma ba za ki rama ba. Fahimtar wannan ba ta wanke shi ba. Ya ce kin yi sakaci abu ne, ya ce da gangan kika yi don ramuwa wani abu ne daban, domin wannan zargin cin amana ne, kuma matar da ta sayi ruwa da kuɗi ta yi ta ɗawainiya cikin zafin bazara ba ta cancanci jin haka ba. Tuge zogalenki ba shawara ma kuskure ne. Tsakar gida wurin mace ne kafin kowa, zogale da yakuwa kuma miyar gidan ce, shi ma yana ci. Don haka shiru ba shi ne mafita ba. Shirun da kike yi yana iya zama a wurinsa kamar amsa laifi, kuma baɗi za a sake.

Amma fitowa ki ce masa ya haƙura shi ma ba zai kai ki inda kike so ba. Tunda ya riga ya sa a ransa ba kya son furen, ranar da kika ce a daina, ranar zai ce ga shi ta faɗa da bakinta. Gaskiyar nan ba daga bakinki ya kamata ta fara fitowa ba. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya huta, ba shigowarsa daga kasuwa ba, ba kuma gaban yara ba. Ki ce masa mutuwar shukokin nan ta dame ki ke ma, kin bincika, kin ji wani bayani da kike so ya tabbatar. Ki roƙe shi ya tura wa tafintansa ko wakilinsa na Guangzhou saƙo, ya je wurin masu sayar da furen ya yi musu tambaya biyu: daga ina suke kawo shi, kuma in an dasa shi a Guangzhou yana sake fure shekara ta biyu da ta uku? In yana so ya ƙara, ya ɗauki tukunyar ya kai sashen aikin gona na jami'a, ga ta nan kusa da ku. Namiji ɗan kasuwa in ya ji daga bakin mai kaya cewa kayan na kaka ɗaya ne, ba ya buƙatar wa'azi. Shi zai zo ya ba ki labari kamar shi ya gano, ke kuma ki bar shi a haka, ba abin da zai rage ki.

Maganar zargin kuwa, ki ware mata rana dabam bayan ya ji wancan bayanin. Kada ki haɗa su zama ɗaya, in ba haka ba sai ta koma shari'a, ke mai ƙara shi wanda ake ƙara. Ki faɗa masa a taƙaice cewa asarar furen ba ta yi miki zafi kamar jin ya ɗauka za ki iya cutar da abin da yake so ba. Ki tsaya nan. Kada ki jero masa lissafin jarkokin ruwa. Wasu mazan ba su iya cewa yi haƙuri da baki, sai dai ki ga an shigo da tsire ko turmin atamfa. In nasa salon ke nan ki karɓa, muddin bai sake maimaita zargin ba.

Inna kuma kada ki tunkare ta. Tsohuwa ce ta ga ɗanta cikin ɓacin rai ta nemo masa dalili irin wanda ta sani. Addini bai yarda a camfa mutum da shu'umci ba, amma ba suruka ce za ta karanta wa uwar miji wannan ba. Ɗanta ne ya kai mata maganar, shi zai koma ya gyara, kuma ki nemi hakan a wurinsa kai tsaye: Alhaji, in ka gamsu, don Allah ka gaya wa Inna yadda abin yake. Irin wannan kalma in aka bar ta takan yi yawo a dangi, gobe a jingina ta da ciwon yaro ko asarar kasuwa.

Sandar da ta rage, kafin a yi gardama a kanta a duba ko tana da rai. Ki ce shi da kansa ya kankare ɓawon reshe kaɗan da farce. In ƙarƙashin kore ne mai danshi, da sauranta. In ruwan ƙasa ne busasshe har gindi, magana ta ƙare, firjinki ya tsira. In tana da rai, ga abin da masu rainonta ke yi a ƙasashen da take zama: tukunya mai zurfi da huji a ƙasa, ƙasa mai sakin ruwa wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen ganye, ba ɗanyen kashin shanu ko na kaji a jikin saiwa. Rana ta safe kawai, da hantsi a mayar inuwa, ƙarƙashin dogon yaro in kuna da shi. Ruwa sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Ba a sare rassan don an ga ganye ya zube, domin a jikin tsohon itacen nan fure ke fita. Yawancin waɗanda ake sayarwa aure aka yi musu da saiwar wani fiyoni marar itace, kuma mahaɗar tana so a binne ta kamar santimita 10 zuwa 15, don na saman ya yi tasa saiwar.

Batun firji, wanda ya gaya masa ya faɗi rabin gaskiya. Sanyin firji, wajen digiri 4, shi ne irin wanda itacen ke nema. Sai dai ana so ya ɗore ba yankewa na wata ɗaya zuwa biyu, bayan ganye ya zube, kuma ke kin fi ni sanin sau nawa ake ɗauke wuta a unguwarku. Ba a haɗa shi da ayaba ko mangwaro ko tumatir, domin iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa in suna nuna tana lalata idon fure. Firiza kuwa tana iya kashe shi. Kuma tukunyar ƙasa ba ta da wurin zama kusa da abincin yara, a kan wannan ki tsaya da ƙafarki, cikin ladabi. In ya nace sai ya gwada, ya nemi ƙaramin firji nasa a kan sola, ya saka ta a Oktoba, ya fito da ita farkon Disamba don ta yi toho cikin hunturu, a kare ta daga busasshiyar iska. Ko an dace ta yi fure, Afrilu na nan tafe, ba za ta samu watannin sanyin-sanyi da za ta sake tara abinci ba. Ku yi yarjejeniya tun yanzu: gwaji ɗaya, kuɗi iya kaza, in bai yi ba an rufe babin. Kada kuma ya faɗa hannun masu tallar iri a intanet. Irin wannan itace yakan kai shekara biyu kafin ya tsiro, ya ƙara wasu shekaru kafin fure, shuɗin fiyonin da suke nunawa a hoto kuwa babu shi. Ya sani kuma shigo da tsiro mai rai ƙasar nan yana buƙatar izinin NAQS, hukumar da ke duba tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su, da takardar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito, ba abin cusawa cikin akwati ba ne.

Abin da ba na so ki rasa shi ne zaman nan da yake yi gaban shuka. Mai hawan jini da ya samu abin da ke zaunar da shi a gida da la'asar cikin natsuwa, kada a raba shi da shi, a canza masa shuka kawai. Ni da zan zaɓa masa, kariya zan ce. Eh, kariyar nan mai kumburarren gindi da ke fure cikin rani lokacin da komai ya bushe, wadda muke wucewa a bakin hanya ba ma kallo. Masu lambu a Tailan da Taiwan sun fitar da ire-irenta masu ninkin fure, ja da fari da ruwan hoda da masu zane, ana kuma aura su a kan gindin ta gida. Mutumin da ke son abu na daban da zai nuna wa abokai zai samu abin yi na shekaru a nan, ga shi tana son rana, ba ta son ruwa da yawa, kuɗin 'yan ga-ruwa ya ragu. Sharaɗi ɗaya: ruwan jikinta dafi ne, a ɗora ta inda yara da awaki ba sa kaiwa, a wanke hannu in an yanke ta. Rumman ma yana jure zafinku, ga jan fure ga 'ya'ya, lalle kuma in ya yi fure ƙamshinsa ya ishi tsakar gida. Ki nemi a raba filin, ɓangarensa da ɓangarenki, zogalenki ya dawo. In kika dasa reshe farkon damina, kafin kaka kin fara tsinka.

Shi kuwa sarkin furanni, tunda Alhaji yana Chaina a watan Afrilu, lokacin bikin Luoyang ke nan. Akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kaiwa can. Ya ƙara kwana biyu a tafiyarsa ya je ya gan shi a garinsu, lambu bayan lambu, ya ɗauki hoton da ya fi na tsakar gida. In hali ya yi wata shekara ki ce a tafi da ke, kin biya kuɗin kallon da wahalarki.

Kafin tafiya ta gaba ki gyara yadda ake ba ki amana. Ya faɗi da bakinsa sau nawa za a ba da ruwa, ki bi yadda ya ce, ki riƙa tura masa hoton shukar ta waya duk bayan kwana biyu. In wani abu zai faru, ya faru a kan idonsa. In kuma bayan duk wannan ya ji bayanin masu kaya amma ya ci gaba da cewa ke ce, to ba fure ne ke damunsa ba. Ki tambaye shi a hankali yadda kasuwa take, da canjin kuɗi, da ko yana shan maganinsa yadda likita ya ce. In abin ya ƙi, ki nemi yayansa ko amininsa da yake jin nauyi ya zauna da ku, kafin magana ta kai gidanku. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya daidaita tsakaninku.